Yadda Zaka Samu Gindin Zama A Turkiyya Idan Karatu Ya Kai Ka

Duk shekara da zarar watan Agusta ya kama sai saƙonni su fara shigo min, wannan yace yaya na samu Türkiye Bursları, wato tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wancan yace yaya baba ya biya min wata jami'a a Istanbul, me zan saka a jaka, wai da gaske ne sanyin, ana samun tuwo kuwa? Shine naga gara in zauna in rubuta abin gaba ɗaya. Shekara biyar nayi a Ankara, ɗaya ta koyon yare huɗu na digiri, kuma abin da idona ya gani shine wata huɗun farko sune komai, wanda ya daidaita takardunsa ya buɗe bakinsa da yaren a wannan lokacin to sauran shekarun sai dai godiyar Allah, wanda kuma yayi sakaci zai daɗe yana biyan bashin. Zan riƙa cewa "ka" amma ƙanwata har dake nake.

Mu fara tun daga gida kafin ka hau jirgi. Takardunka na asali, sakamakon WAEC ko NECO, takardar gama sakandare, takardar haihuwa, takardar da jami'a ta baka gurbi, duk ka haɗa su a jakar hannu kar ka kuskura ka saka su a babban akwati, sannan ka ɗauki hoton kowacce ka turawa kanka a imel. Ka duba fasfo ɗinka, in saura masa shekara ɗaya ko ƙasa da haka ka sabunta shi tun kana gida, dan izinin zaman da zasu baka baya wuce wa'adin fasfo, hasali ma sai fasfon ya zarce izinin da kwana 60. In kuma ta hannun ejan ka samu makarantar, dan Allah ka shiga shafin YÖK, wato hukumar dake kula da jami'o'in ƙasar, ka tabbatar sunan jami'ar yana ciki kuma ka karanta da idonka nawa ne kuɗin shekara, saboda abin da wasu ke kira sikolaship ragi ne kawai akan kuɗin makaranta, kwana da ci duk a wuyanka suke. Shi Türkiye Bursları na gwamnati daban ne, ana cike shi daga watan Janairu zuwa Fabrairu, kyauta, kuma ya haɗa kuɗin makaranta da ɗakin kwana da inshorar lafiya da alawus na wata da shekarar koyon yare. Duk wanda yace ka bashi kuɗi zai samo maka shi ka kama gabanka.

Kayan miya kuwa kar kaji kunya, ka ɗauko kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ka ɗaure su sosai a leda biyu-biyu musamman daddawar. Man kaɗanya ma ka saka, zaka gode min a watan Janairu lokacin da fatarka ta fara tsagewa. Kilishi da dambun nama ka haƙura, kayan nama ana iya ƙwace su a kwastam. Jaket mai nauyi kar ka saya a gida, wanda ake sayarwa dan sanyin hunturunmu ba abin da zai maka a can, ka bari ka isa ka saya.

Da ka sauka, mako biyun farko na takardu ne, kuma akwai jerin da in ka bi shi zaka huta. Da farko kaje jami'a kayi rajista ka karɓi takardar shaidar cewa kai ɗalibi ne, ita suke kira öğrenci belgesi, ka haddace sunan nan dan kusan duk ofishin da ka shiga sai an tambaye ka ita. Za'a buƙaci a fassara wasu takardunka zuwa Turkanci wajen mai fassara da yayi rantsuwa, sannan noter, wato mai tabbatar da takardu a hukumance, ya buga hatimi, ana biya kuma ba arha bane, shi yasa nake cewa ka ware kuɗinsa daban tun daga gida. Akwai kuma denklik, takardar da ma'aikatar iliminsu ke bayarwa cewa sakandaren da kayi daidai take da tasu, kar ka ja ƙafa akanta. Daga nan ka nemi lambar haraji, vergi numarası, kyauta ce kuma da fasfo kawai ake samu, da ita zaka biya kuɗin katin zama. Sai babban, wato ikamet, izinin zama. Zaka cike fom a shafin e-ikamet tun bizarka bata ƙare ba, kaje a ɗauki zanen yatsunka a ofishin shige da fice da suke kira Göç İdaresi, ka haɗa hotuna da inshora da shaidar inda kake kwana, sai ka miƙa ta ofishin ɗaliban waje na jami'arku, su zasu faɗa maka abin da ake nema a wannan shekarar dan ƙa'idojin suna ɗan canzawa, kar ka dogara da abin da wani sinia ya faɗa maka shekara uku da suka wuce, ni ma ɗin nan kar ka tsaya akan maganata kaɗai, zuwa da kai yafi saƙo. Katin zai zo ta gidan waya PTT, a jikinsa akwai lambarka ta baƙo wadda yawanci ke farawa da 99. Ranar da ta zo kaje PTT ɗin ka karɓi kalmar sirri ta e-Devlet, shafin ayyukan gwamnati na intanet, daga nan yawancin takardunka a waya zaka riƙa cirowa. Kuma katin nan kullum ya zama yana aljihunka, 'yan sanda suna tsayar da mutane a tashoshin jirgin ƙasa su duba, ba wani tashin hankali bane in yana jikinka.

Abu biyu ne ke kama sababbin zuwa kusan duk shekara. Na ɗaya waya. Wayar da ka zo da ita daga gida, daga ranar da ka saka mata layin Turkiyya tana da kwana 120, bayan nan za'a rufe ta daga amfani da layin ƙasar sai ka biya kuɗin rajista, kuma kuɗin yafi ƙarfin farashin yawancin wayoyin da muke riƙewa, duk shekara ma ƙara shi ake. Mafita mai sauƙi ka sayi ƙaramar waya a can ka saka layin a ciki, tsohuwar ka barta dan WhatsApp da wayifai. Na biyu inshorar lafiya ta gwamnati, GSS, in ba ɗan Bursları bane kai to cikin wata 3 da yin rajistar makaranta ake nema, mutane da yawa basa sani sai lokaci ya wuce, su koma kan inshorar 'yan kasuwa mai arha wadda ta isa a baka ikamet amma ranar da ciwo ya kama ka zaka ga kaɗan take ɗauka.

Tunda maganar ciwo ta zo, in zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko ka faɗawa likita ƙarara daga Najeriya ko Nijar ka taso kuma a gwada ka sıtma, wato maleriya, saboda ba cuta bace da suke gani kullum, zasu iya ɗauka mura ce su baka maganin mura alhali ka taho da ita a jininka. Lambar gaggawa 112 ce. Kantin magani eczane ake ce masa, da dare akwai wanda ke kwana a buɗe a kowace unguwa ana liƙa sunansa a ƙofar sauran, kuma ba'a sayar da antibayotik sai da takardar likita, ba kamar kyamis ɗinmu ba.

Wurin kwana, shawarata shekarar farko ka zauna a hostel ko da kana da kuɗin haya. Nasan mutum huɗu a ɗaki ɗaya ba daɗi, ga dokar lokacin shiga da dare, amma nan ne zaka ji yaren safe da yamma, ga abinci ga ɗumi ba ruwanka da bil. Haya kuwa ba kuɗin wata kaɗai bane, akwai depozito, akwai la'adar dillali, akwai aidat da ake biya duk wata dan hidimar bene, sannan ga kuɗin gas na ɗumama ɗaki wanda a watan Janairu zai iya girgiza ka. Kuma akwai unguwannin da aka rufe yiwa baƙi rajistar adireshi saboda yawansu, in ka biya haya a irin wurin kafin ka tambaya kana iya rasa kuɗinka ka kuma shiga matsalar ikamet.

Yanzu ga inda nafi so ka buɗe kunne, yare. Wallahi babu abin da ya kai shi. Ko da kwas ɗinka da Turanci ake koyarwa, direban dolmuş, ƙaramar motar haya, da mai kanti da ma'aikacin banki da matar dake ofishin ɗalibai duk Turkanci zasu maka, kuma ɗan Turkancin da ka iya shine ke juya fuskar mutum daga ɗaurewa zuwa fara'a. In TÖMER zaka yi, wato makarantar koyon Turkanci, matakan sune A1, A2, B1, B2 sai C1 wanda yawanci shi ake nema kafin ka shiga aji da 'yan ƙasa. Kar ka ɗauki shekarar nan a matsayin hutu, nasan yara masu ƙwaƙwalwa da suka ci jarabawar C1 da hadda amma da suka zauna a lakcar farko basu tsinci komai ba, dan a aji kawai suke yaren, suna fita sai Hausa da Turanci har dare.

Kai Bahaushe kana da sa'ar da baka sani ba, kalmomin Larabci da suka shigo mana suma sun shigar musu. Alƙalami kalem, duniya dünya, zamani zaman, sabulu sabun, labari haber, jawabi cevap, sa'a saat, lissafi ko hisabi hesap. Rubutunsu kuma da boko ne tun 1928 kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, sai dai ka kula, c ɗinsu j ce tamu, shi yasa cami ake karanta shi jami wato masallaci, ç ɗinsu ita ce c tamu kamar a çay, ş kuma sh. Wahalar tana wajen ɗafe-ɗafen da suke jerawa a bayan kalma da kuma aikatau da ke zuwa can ƙarshen jimla, sai ka jira mutum ya gama kafin ka san yayi ne ko bai yi ba. Wata biyu zaka ji kamar kanka zai fashe, a na uku sai kunnen ya buɗe. Abin da ya taimake ni, duk mako ina zuwa pazar, kasuwar unguwa da ke ci rana ɗaya a mako kamar kasuwannin ƙauyenmu, in tambayi farashi in ƙirga canji da bakina, sannan duk wanda na tarar yana aiki in ce masa kolay gelsin, kamar sannu da aikinmu ce, ka gwada kaga yadda mutum zai ɗago ya kalle ka. Namiji da ya girme ka abi, mace abla, dattijo amca, dattijuwa teyze, malaminka kuma hocam, kar ka taɓa kiran sunansa gatsau. Mara lafiya geçmiş olsun, mai cin abinci afiyet olsun. Mu da muka tashi cikin gaisuwa wannan ba baƙon abu bane a wajenmu.

Wani abu da zan faɗa maka dan kar kayi faɗa a banza, in ka tambayi mutum abu sai ya ɗaga gira ya ɗan ɗaga kai yayi wani sauti da harshe kamar tsaki, ba tsaki ya maka ba, a'a kawai yake nufi. Haka in an miƙo maka shayi ka karɓa, in ka shiga gidan mutum ka cire takalmi a ƙofa zasu baka silifas. Kallo kuma zaka sha shi, musamman a ƙananan garuruwa, wasu su nemi hoto da kai, wasu su tambaye ka tambayoyin da zasu baka mamaki akan Afirka. Yawancinsu rashin sani ne da son sani, amma akwai masu wariya na gaske, akwai mai gidan da zai ce an kama ɗakin da zarar ya ga fuskarka, wannan yana da ciwo kuma ba sai ka nuna kamar bai dame ka ba, ka samu wanda zaka faɗawa, in abin ya kai cin zarafi ka kai ƙara. 'Yan mata, in wani ya kai hannu kan gashinki ko mayafinki kice hayır, wato a'a, da ƙarfi, haƙƙinki ne.

Ibada ba zata maka wuya ba, masallatai ko'ina, jami'o'i da manyan kantuna suna da mescit, wato ƙaramin masallaci, nama kuma kusan duk na halal ne. Amma Hanafiyya ne, zaka ga ana yin amin a ɓoye, ana yawan nafila kafin farilla da bayanta, ana tasbihi tare da ladan bayan sallama, in kuma kai mai sadlu ne wani dattijo zai iya zuwa ya gyara maka hannu da kyakkyawar niyya, kace masa Maliki kawai zai gane. Juma'a ranar aiki ce, ka duba jadawalin lakcarka tun farkon zango. Lokutan sallah ma suna yawo sosai, a watan Yuni asuba kafin ƙarfe 4 take isha kuma bayan 10 na dare, a Disamba kuwa rana bata fitowa sai bayan 8 na safe, zaka fita lakcar farko gari da duhu. Sannan ka sani ƙasar ba duka ɗaya bace, zaka zauna aji da mai hijabi da wadda bata saka ba, da mai azumi da mai shan taba a bakin ƙofa da rana tsaka a Ramadan. Ka riƙe naka ka bar kowa da nasa.

Siyasarsu kuma ka cire bakinka a ciki, har a Facebook da X. Zagin Atatürk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, laifi ne a dokarsu, zagin shugaban ƙasa ma haka. Ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe zaka ji jiniya kowa ya tsaya cak har motoci, lokacin rasuwar Atatürk ne, kai ma ka tsaya. In wata ƙungiya ta maka tayin gida kyauta ko abinci kyauta ka binciki ko su waye kafin ka kwashe kayanka, bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli 2016 an rufe jami'o'i 15 kuma akwai ɗaliban Najeriya da abin ya rutsa dasu alhali karatu kawai ya kai su.

Kuɗi. Lira tana faɗuwa naira ma bata da tabbas, kai kana tsakiya, dan haka duk lissafin da wani ya maka bara ya tashi aiki. Kayi katin mota na ɗalibi a makon farko, a Istanbul sunansa Istanbulkart sauran garuruwa kowa da nasa, ragin yana da yawa sosai. Abincin rana kaci a yemekhane, ɗakin cin abinci na jami'a, ba inda zaka samu arha kamarsa. Cefane kantunan BİM da A101 da Şok, kayan miya ɗanye kuma pazar da yamma lis lokacin da suke karya farashi. In kwaɗayin tuwo ya taso ka sayi irmik, shine semo, ko mısır unu garin masara, kuɓewa ɗanya sunanta bamya, ka kaɗa kukarka ka kira abokan ɗaki. Aiki kuwa ɗan digirin farko sai bayan shekara ɗaya kuma da izinin aiki, in aka kama ka ba izini akwai tara akwai kora. Kuma ko waye, ko ɗan garinku ne, kar ka bashi akawun ɗinka a turo masa kuɗin da baka san tushensu ba, kar ka karɓi ƙullin kowa a filin jirgi. 'Yan kasuwarmu masu sarin kaya a Laleli da Merter, unguwannin Istanbul, zasu neme ka ka musu tafinta, ana samun na shayi kuma zaka ƙaru da yaren, amma na ga waɗanda kasuwar ta janye su har aji ya gagare su.

Ajin kuwa ba'a wasa da halarta. A yawancin jami'o'i in ka rasa fiye da kashi 30 na darasi baza'a barka ka shiga jarabawar ƙarshe ba komai ƙoƙarinka, devamsızlık suke ce masa. Jarabawar tsakiyar zango sunanta vize, ba ruwanta da bizar fasfo, sai final, wasu makarantun suna da bütünleme, wato jarabawar gyara, ga wanda ya faɗi. Kana da malami mai baka shawara, danışman, shi ke amincewa da darussan da ka zaɓa, kaje ofishinsa ku san juna tun kafin ka shiga matsala. Ka nemi abokai biyu 'yan ƙasa masu rubutu mai kyau, a shekarar farko littafinsu zai cece ka.

Wajen watan Nuwamba zuwa Disamba akwai wani nauyi da ke sauka a ƙirji, ɗokin zuwa ya wuce, sanyi ya shigo, dare yayi tsawo, sai kaji ba abin da kake so sai muryar Umma da ƙamshin girkinta. Kusan kowa sai ya ratsa ta nan, har waɗanda kake gani suna ta saka hotunan dusar ƙanƙara suna dariya. Ka tsayar da lokacin kiran gida, suna gabanmu da awa 2, amma kar ka kwana akan bidiyo kol ka wuni kana barci. Ka fita ko da tafiyar minti ashirin ce in rana ta leƙo, ka sa a duba maka bitamin D dan baƙar fata tana rasa shi a irin wannan yanayin kuma rashinsa na kawo kasala. In kaga sati biyu baka iya cin abinci, baka son fita, sallah ma da ƙyar, kaje sashen masu bada shawara na jami'a, kyauta ne, kuma ka faɗawa wani babba cikin ɗalibanmu. Ranar Sallah ita tafi zafi dan hostel yana zama wayam kowa ya tafi garinsu, tun saura mako ku haɗa kuɗi ku shirya girki tare, in kuma abokinka ɗan ƙasa ya gayyace ka gidansu ka bishi, zaka ga yadda suke sumbatar hannun dattijo su kai goshi.

Girgizar ƙasa ma ka santa, ta 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe mutum sama da 50,000 a ƙasar. Ka tambayi shekarun ginin da zaka zauna, ka san filin taruwa na unguwarku, in ta zo ka durƙusa gefen abu mai ƙarfi ka kare kanka ka riƙe, kar ka ruga matakala ko lifta.

Ikamet ɗinka ana fara neman sabunta shi tun saura kwana 60 ya ƙare, ka saka ƙararrawa a waya yau ɗin nan da katin ya zo hannunka, in ka canza gida kuma ka sanar da sabon adireshi cikin kwanakin aiki 20. Kaje kayi rajista da ofishin jakadancinmu dake Ankara. Tsohon fasfo mai ɗauke da biza da hatiman shiga da fita kar ka yar dashi ko ya ƙare, ka haɗa shi da takardar gurbin karatu da kwafin katunan ikamet a fayil ɗaya, ranar da ka dawo zaka je tantance digiri a ma'aikatar ilimi a Abuja da rajistar NYSC duk sai an neme su.